Nisa Da Haske Ake Sayensa: Abin Da Na Koya A Hawan Sallar Rano

Akwai wani hoto a cikin kwamfutata wanda ban taɓa nuna wa kowa ba in ban da mahaifiyata. Idan ka dube shi za ka ga wani abu fari a tsakiya mai kama da rawani, a ƙarƙashinsa kuma wani abu ja wanda sai an gaya maka za ka yarda doki ne, sauran duk ƙura. A can bayansu kuwa ga wata bishiyar darbejiya, ita kaɗai ta fito sosai, har rassanta ana iya ƙirgawa. Wannan shi ne hoton kawuna, yayan mahaifiyata, a hawan Sallah na ƙarshe da ya yi a duniya. Ni ne na ɗauka.

Ni mutumin Fassi ne, a ƙaramar hukumar Kibiya. Koyarwa ce aikina, ɗaukar hoto kuwa sana'ar gefe ce da na riƙa tun ina ɗalibi: hoton biki, da suna, da walimar saukar Alƙur'ani, da fasfo na 'yan makaranta. Kawuna ya shafe shekaru yana hawa cikin tawagar da ke zuwa Rano daga ɓangarenmu. A tsakiyar azumin waccan shekara ya aika aka kira ni, na same shi a zaure yana gyaran linzami. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, bana ina so ka ɗauke ni a kan doki. Gwiwoyin nan sun fara ƙin likkafa, ban sani ba ko baɗi zan iya hawa." Na ce, "Kawu, an gama, in Allah Ya yarda."

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon hawa ya san cewa ƙaramin mai hoto ba ya samun kusantar mahaya. Jama'a sun yi dafifi, dogarai suna kora, dawaki suna turereniya. Dogon gilashin da nake da shi mai lamba 70 zuwa 300 ne, na kuma ga kamar ba zai kai ni inda nake so ba. Saboda haka na sayar da wata tunkiya da nake kiwo, na shiga Kano, na je wani shagon kayan kyamara na hannu. Mai shagon ya ɗauko wani ɗan gajeren gilashi mai kama da gwangwanin madara, wanda ake ɗaurawa tsakanin kyamara da dogon gilashi. Masu sana'a suna kiransa telekonbata, wasu kuma su ce ekstenda. A jikinsa an rubuta 2x. Ya ce, "Malam, ka ɗaura wannan, 300 ɗinka ya koma 600. Kana Kibiya sai ka ɗauko mutum a Rano." Muka yi dariya. Na ɗaura shi, na leƙa ƙofar shago, na auna wani allon talla a tsallaken titi. Kyamara ta ɗan yi jinkiri, sa'an nan ta kama. Na biya na fito ina murna. Abin da ban lura ba shi ne, gilashin yana kan 70 lokacin da na gwada, ban murza shi zuwa 300 ba ko sau ɗaya.

Sallar ta zo cikin bazara. Bayan La'asar aka fara hawa, ƙura ta turnuƙe, ana busa algaita ana harba bindigogin gargajiya. Na sami wani tudu na hau. Da na hango tawagarmu sai na murza gilashi har ƙarshe, na ɗora a kan kawu, na danna. Gilashin ya yi gaba, ya dawo baya, ya sake yin gaba yana 'yar ƙara, hoto ya fito ya ɓace, ya fito ya ɓace. Na danna da ƙarfi, kyamara ta ƙi ɗauka. Kafin ta yarda ta ɗauka sau ɗaya, bishiyar bayansa ta kama. Ina ƙoƙarin kwance telekonbatar da hannu yana rawa, tawagar ta wuce. Kafin watan Sallar baɗi ya tsaya, Allah Ya yi wa kawu rasuwa.

Na daɗe ina ɗora wa mai shago laifi, daga baya na gane cewa bai yi mini ƙarya ba. Gilashin ya koma 600 kamar yadda ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, wataƙila shi ma bai sani ba, shi ne kuɗin da ake biya kafin a sami wannan nisa. Na rubuta wannan maƙala ne domin matasan da nake gani suna shiga sana'ar hoto a Rano da Kibiya da Bunkure da sauran garuruwanmu, waɗanda jarinsu bai taka kara ya karya ba, kada su sayar da tunkiyarsu su sayi abin da kyamararsu ba za ta iya aiki da shi ba.

Lambar da ke bayan harafin f

A jikin kowane gilashin kyamara akwai lambobi iri biyu. Na farko tsawonsa ne da milimita, kamar 50 ko 200 ko 300, wanda ke nuna yadda zai jawo abu na nesa. Na biyu shi ne wanda ake rubutawa bayan harafin f, kamar f/2.8 ko f/4 ko f/5.6, wanda yawancinmu ba ma kulawa da shi. Wannan lamba sakamakon rabawa ce: an raba tsawon gilashi da faɗin ƙofar da haske ke shiga. Gilashi mai tsawon milimita 300 a kan f/5.6, faɗin ƙofarsa kusan milimita 54 ne. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarancin hasken da ke isa ciki. Daga f/4 zuwa f/5.6 haske ya ragu da rabi, daga f/5.6 zuwa f/8 ya sake raguwa da rabi, haka zuwa f/11, da f/16, da f/22.

Telekonbata ba ta ƙara faɗin ƙofa ko da ƙwayar gero. Aikinta shi ne ta ɗauki tsakiyar hoton da dogon gilashi ya haɗa, ta baza shi ya cika fili. Wadda aka rubuta wa 2x tana ninka faɗin hoton sau biyu, tsayinsa ma sau biyu, wato hasken da ke taruwa a wuri ɗaya an shimfiɗa shi a wurare huɗu. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan ya rage. Wadda aka rubuta wa 1.4x kuwa rabi take cinyewa, domin 1.4 sau 1.4 kusan 2 ne. Idan muka koma ga lissafin rabawa, tsawo ya zama 600, ƙofa tana nan a 54, sakamako ya zama 11. Gilashina da ke f/5.6 ya koma f/11.

Akwai kuma wani tarko a nan wanda ni ma na faɗa cikinsa. Gilashin da ake murzawa ya yi tsawo, musamman masu sauƙin kuɗi, lambobi biyu ake rubuta musu, kamar f/4-5.6. Ta farko ta gajeren ɓangare ce, ta biyu ta dogon ɓangare. A ƙofar shago ina kan 70, wato f/4, wanda telekonbata ta mayar f/8, kyamara ta lallaɓa ta kama allon talla mai manyan haruffa da ke tsaye cikin rana. A filin hawa kuwa ina kan 300, inda ta mayar da ni f/11. Alhali kuwa ba don ɓangaren 70 mutum ke sayen telekonbata ba.

Yadda kyamara ke gane nisa

Mai karatu zai iya cewa, to ai rana muke da ita a ƙasar nan kamar ta ƙona mutum, in an rage kashi uku cikin huɗu ma saura ya isa. Ni ma haka na zata. Amma matsalar saitin da kyamara ke yi da kanta, wanda ake kira otofokas, ba ta tsaya ga yawan haske ba, ta shafi kusurwar da hasken ke shigowa.

Ka miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon dama ka dube shi, sa'an nan ka rufe na hagu ka buɗe na dama. Za ka ga yatsan ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri. Da wannan bambanci na gani biyu ƙwaƙwalwa ke gane nisan abu. Kyamarori masu madubi a ciki, waɗanda ake kira DSLR, irin wannan dabara suke bi. Madubin da ke tura hoto zuwa idon mai ɗauka ba ya tare haske duka. Tsakiyarsa tana barin wani kaso ya wuce ya sami wani ƙaramin madubi a bayansa, wanda ke karkatar da shi zuwa wata 'yar na'ura a gindin kyamara. Na'urar tana da idanu bibbiyu, ɗaya yana karɓar hasken da ya biyo ta wannan gefen gilashi, ɗaya na wancan gefen. Idan hotunan biyu suka hau kan juna daidai, saiti ya yi. Idan suka saɓa, girman saɓanin da ɓangaren da ya karkata su ke gaya wa kyamara ta tura gilashi gaba ko baya, da kuma iyakar inda za ta tsaya. Shi ya sa take kamawa cikin ƙiftawar ido.

Yanzu ka ƙaddara mutum ne a ƙasan rijiya, an kafe masa idanu ta yadda na dama yana kallon gefen gabas na bakin rijiyar, na hagu yana kallon gefen yamma, ba ya iya juya su. Muddin zurfin rijiyar bai wuce kima ba, kowane ido yana ganin sama. Idan aka ninka zurfin, faɗin baki kuma yana nan yadda yake, bakin zai tsuke a ganinsa ya koma kamar faifai, idanun nan biyu kuma bango za su riƙa kallo. Komai zafin ranar da ake yi a waje, shi duhu yake gani. Abin da telekonbata ke yi ke nan, tana ƙara wa rijiya zurfi. A f/2.8 hasken yana shigowa da buɗin kusan digiri 20, a f/5.6 kusan digiri 10, a f/8 kusan 7, a f/11 kuwa bai fi 5 da ɗan ɗoriya ba. Yawancin waɗannan kyamarori an kafe idanunsu ne a kan buɗin f/5.6. Da zarar an wuce nan, sun fara kallon bango.

Daga nan ɗayan abu biyu ke faruwa. Telekonbata ta asali tana da 'yan ƙusoshin lantarki da ke sanar da kyamara sabon lissafi, wasu kyamarori kuma da sun ga lamba ta wuce iyakarsu sai su kashe otofokas gaba ɗaya. Wasu telekonbatocin kuwa ba sa sanar da komai, kyamara tana zaton har yanzu tana f/5.6, sai ta yi ta lalube, gaba da baya, kamar makaho ya yar da sanda. Irin wannan ce ta same ni. Akwai masu liƙe wasu daga cikin ƙusoshin da salatif don su yaudari kyamara. Dabarar takan yi aiki jefi-jefi da 1.4x, a kan abin da ke tsaye cikin rana, amma salatif ba ya faɗaɗa bakin rijiya, kuma ba abin dogaro ba ne ranar da aka ba ka aikin da ba a maimaitawa.

Kowace kyamara da iyakarta

Wannan iyaka tsohuwa ce. A shekarar 1985 kamfanin Minolta na ƙasar Japan ya fito da kyamararsa mai lamba 7000, wadda ta yaɗa otofokas a duniya, kuma tun daga wancan zamani f/5.6 ta zama iyakar da aka saba. Manyan kyamarori kaɗan ne suka tsallaka. Canon EOS-3 ta 1998 tana iya kamawa a f/8, amma da ɗigon tsakiya kaɗai. A 2012 Nikon ya fito da D4 da D800, waɗanda ɗigo 11 cikin 51 ke aiki a f/8. A watan Afrilun 2013 Canon ya sabunta manhajar 5D Mark III domin ta sami wannan dama a tsakiya, 7D Mark II ta 2014 ita ma ta zo da ita. Nikon D500 ta 2016 tana da ɗigo 153, amma 15 ne kawai ke aiki a f/8. Ka lura, duk waɗannan manya a f/8 suka tsaya. Ƙananan da nake yawan gani a hannun matasanmu wajen biki, irin su Canon 600D da 700D, ko Nikon D3100 da D5100, a f/5.6 aka ƙayyade su. Wannan ba aibi ba ne, haka aka ƙera su, haka kuma aka rubuta a littafinsu, mu ne ba ma karantawa.

Saboda haka lissafin mai sauƙi ne. Ga mai kyamarar da ta tsaya a f/5.6, telekonbata 1.4x sai da gilashin f/4 ko wanda ya fi shi buɗi, 2x kuwa sai da f/2.8. Gilashin 300 mai f/4 da 1.4x zai ba ka 420 a f/5.6. Gilashin 70 zuwa 200 mai f/2.8 da 2x zai ba ka 140 zuwa 400 a f/5.6. Gilashin 400 mai f/5.6 da 1.4x zai koma 560 a f/8, sai mai babbar kyamara. Dogayen nan na 150 zuwa 600 da Tamron da Sigma ke yi, ƙarshensu f/6.3 ne, sun riga sun ɗan gota iyaka tun ba a ƙara musu komai ba, da 1.4x kuwa 840 za su koma a kusan f/9. A taƙaice, an yi telekonbata ne domin manyan gilasai masu tsada da faɗin baki. Shi ya sa ma na Canon da Nikon suke da gilashin da ya turo gaba, wanda ke hana su shiga yawancin ƙananan gilasai. Wadda ka ga tana shiga kowane gilashi ba gardama, ita ce ya kamata ka yi wa tambayoyi.

Zamani ya kawo sauƙi ta wani ɓangare. Kyamarori marasa madubi suna yin saiti ne a kan farantin da ke ɗaukar hoton kansa. A tsarin da Canon ya fara sakawa a 70D a 2013, kowane ɗigon faranti an raba shi biyu, rabi yana kallon hagun ƙofa, rabi yana kallon dama, komai ƙanƙantarta, maimakon a kafe ido a gefe ɗaya. EOS R ta 2018 tana iya saiti har f/11. A 2020 kamfanin ya fito da gilasai na 600 da 800 waɗanda f/11 ne tun asali, kuma a kan R5 da R6, na 800 ɗin da 2x yana komawa 1600 a f/22, otofokas yana aiki. Sai dai filin da saitin ke aiki a ciki yana raguwa da irin waɗannan gilasai, hasken da telekonbata ta cinye kuma ba ya dawowa. Ga kuma tsada, wadda ba tunkiya ɗaya ke biya ba. Tsofaffin kyamarori ma, idan ka kunna allon baya ka yi saiti ta nan, sau da yawa sukan kama a inda suka ƙi ta ido, domin wata hanya suke bi ta gwada kaifin hoto kaɗan-kaɗan. Hanyar tana da amfani ga dutse ko gini ko tsuntsun da ya sauka, amma ta yi nawa ga doki.

Sauran kuɗin da ake biya

Ko da kyamara ta yarda ta kama, ba a gama biya ba. Na farko, saurin saiti yana raguwa idan an ɗaura telekonbata. Na biyu, tazarar da ke fitowa garau tana da ƙanƙanta ƙwarai a dogon gilashi. A 600 da f/11, a ƙaramar kyamara irin tawa, idan mahayi yana nisan mita 30, abin da zai fito sosai daga gaba zuwa baya bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, wato bai kai tsawon dokin kansa ba. Doki a sukuwa yana cin mita 10 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, saboda haka cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ya shiga wannan tazara ya fita. Na uku, rawar hannu ma ninkuwa take yi. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin ɗauka ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi, wato 1/600 a nan, abin da ke gudu kuwa yana son 1/1000 ko fiye. Da hasken da ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, dole ka ɗaga ISO daga 400 zuwa 1600 kafin ka riƙe wannan sauri, hoto kuma ya fara yin yashi-yashi. Na huɗu, duk wani rauni da gilashinka ke da shi, telekonbata tana faɗaɗa shi tare da hoton.

Na biyar kuwa namu ne na ƙasar nan. Tsakaninka da abin da ke nesa akwai iska, iskarmu kuma ba ta zama lafiya. Da bazara zafin da ke tashi daga ƙasa yana sa ta rawa, irin kawalwalniyar da muke gani a kan kwalta da tsakar rana. Da hunturu hazo yana dusashe komai, otofokas kuwa da bambancin fari da baƙi yake aiki. A filin hawa ga ƙurar kofato. Babu gilashin da ke gyara wannan. Iyakar abin da dogon gilashi zai yi shi ne ya nuna maka rawar iskar da girma. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ya kamata a yi

Bayan rasuwar kawu na je wurin wani dattijo a Kano wanda ya yi sana'ar hoto tun zamanin fim, lokacin da da hannu ake murza saiti. Na ba shi labari, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, mu da ƙafa muke zum. Da safe muke zuwa mu ga inda dawaki za su bi, mu zaɓi wuri, mu saita a kan wani dutse ko gindin bishiya, mu jira. Doki ne zai zo ya same ka." Wannan ita ce dabarar maharbi da ke jira a bakin ruwa, kuma har yau tana aiki ko da wace irin kyamara.

Na ɗauki shawararsa na tafi bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta wajen duwatsun Rurum, na yi ta gwaji a kan balbela da zalɓe da shamuwar da ke zuwa gabanin damina. Na ɗauki tsuntsu ɗaya da telekonbata, na cire na sake ɗauka, na je gida na kwatanta. Abin da na gani ya ba ni kunya. Hoton da na ɗauka da gilashi tsura, na yanke gefensa a kwamfuta, ya fi kyau nesa ba kusa ba. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a faɗi da 4000 a tsayi. In ka yanke shi daidai da abin da 1.4x za ta ba ka, kusan megafiksel 12 ya rage. In daidai da 2x ne, 6 ya rage, wato 3000 da 2000, wanda ya isa a wanke hoto mai faɗin inci 10 garau, balle shafin jarida ko Facebook. Ashe nisan da na sayar da tunkiya don in samu yana cikin kyamarata tun farko.

Shawarata ga mai niyyar saye ita ce, ya fara duba lamba ta biyu a jikin gilashinsa, ya ninka ta da 1.4 ko 2, ya duba littafin kyamararsa ya ga ko f/5.6 ce iyakarta ko f/8. In lissafi ya wuce iyaka, ya mayar da kuɗinsa aljihu. In bai wuce ba, ya gwada a ƙarshen tsawon gilashi, a kan abin da ke tafiya, kamar mai babur a titi, kuma ya gwada a inuwa. Ya yi amfani da ɗigon tsakiya, domin shi ya fi ƙarfi. In gilashinsa yana da maɓallin taƙaita nisa, ya kunna don rage lalube. Ya nemi sanda mai ƙafa ɗaya ya ɗora kyamara. Ya yi aikin nesa da sassafe kafin ƙasa ta yi zafi. Kada kuma ya kai sabon kaya wurin aikin da ba a maimaitawa sai ya shafe kwanaki yana gwada shi.

Ga 'yan kasuwa kuwa, amana ce a tambayi mai saye wace kyamara gare shi da wane gilashi kafin a miƙa masa kaya. Cinikin da ya jawo wa matashi asarar aiki da zubewar mutunci a gaban masu biki, ba zai sa ya dawo ba. Masu shirya horon sana'a ga matasa su ma su sani cewa raba kyamara ba tare da koyar da wannan ɗan lissafi ba, kamar ba mutum doki ne ba linzami.

Ina da roƙo kuma ga masarautar Rano da shugabannin ƙananan hukumominmu. Rano tana cikin Hausa Bakwai, hawanta tarihi ne da ya cancanci a adana shi da kyau. Babban abin da ke tura ƙananan masu hoto neman nisan da kayansu ba za su iya ba shi ne rashin wurin tsayawa. Da za a keɓe wani ɗan wuri a gefen hanyar hawa, a yi wa masu hoto na yankin rajista a ba su shaida, da gilashin 200 ma ya ishe su, iyalai kuma su sami hotunan iyayensu. Abu ne da ba ya bukatar kuɗi, igiya ce da izini.

Shekara biyu bayan wancan hawa, babban ɗan kawu ya hau dokin mahaifinsa da kayansa. Tun da hantsi na je na sami gindin darbejiyar nan, na roƙi wani dogari ya bar ni in tsaya, ya kuwa bar ni. Na bar telekonbata a gida. Na tsayar da gilashi a kan 200, na saita a kan wani dutse a bakin hanya, na jira. Da suka iso na ɗauka sau huɗu, biyu suka fito tas, har zanen sirdi ana gani. Da na kai wa mahaifiyata, ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce rawanin ma irin naɗin yayanta ne. Ta sa aka rataye shi a ɗakinta. Wancan na farkon kuwa yana nan a kwamfuta, nakan buɗe shi duk lokacin da wani yaro ya zo yana tambayata ko ya sayi abin da zai ninka masa gilashi.

Allah Ya jiƙan kawu da rahama, Ya sa albarka a sana'ar matasanmu.